Shin akwai yadda ake auna ko direba yana ganin allon hanya?

Malam_Sitiyari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, musamman ga injiniyoyin da ke cikinmu da waɗanda suka daɗe a kan titi. Sana'ata koyar da tuƙi ce. Abin da na lura da shi, ɗalibi zai haddace alamomin hanya tsaf a takarda. Ka nuna masa da'ira mai jan gefe ya ce hani ce, mai kusurwa uku ya ce gargaɗi, shuɗiyar da'ira ya ce umarni. Amma ku hau Titin Zariya ko Titin Murtala Muhammad, ku wuce allo, ka ce masa me muka wuce yanzu, sai ya yi zuru. Ba ɗalibai kaɗai ba, har tsofaffin hannu na gwada, kusan duk kanwar ja ce. A ganina da yawa daga allunan garin nan kafa su kawai aka yi, ba wanda ya koma ya duba ko ido yana kama su daga cikin mota. To akwai hanyar da ake auna wannan? A ce allon nan ana ganinsa daga nisa kaza, wancan kuwa ba ya ganuwa sam? Ko kowa kintace yake yi?

Dan_Sahu_Kurna:
Wa alaikumus salam. Malam, gaskiya zan faɗa maka. Daga Kurna zuwa Bata idona yana kan mai ɗaga min hannu a gefen titi, da ramin da ke gabana, da madubi saboda masu tifa. Allo sai dai in gosulo ya tsayar da ni a gindinsa. Danja kam ina ganinta, don tana da wuta, kuma akwai masu tsayuwa a wajen.

Maman_Khalifa:
Tambayar nan ta zo a kan gaɓa. A hanyar da nake kai yara makaranta akwai allon da ke nuna yara na tsallaka titi, amma reshen darbejiya ya rufe shi tun damina. Sai ka zo daf da shi za ka hango jan gefensa ta cikin ganye. Wanda ya kafa zai ce ya yi aikinsa, mai mota kuma zai rantse babu allo a wurin, kuma duk cikinsu babu maƙaryaci.

Baba_Tsohon_Direba:
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ni ban ga abin awo a nan ba. Direban da ya tattara hankalinsa a kan hanya zai ga allo komai ƙanƙantarsa. Yaran yanzu hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waya. Ku fara gyara direba tukuna.

Injiniya_Sharada:
@Malam_Sitiyari ana aunawa, kuma an daɗe ana yi. Abin da kake yi wa ɗalibanka ma yana cikin tsofaffin hanyoyin. A 1966 wasu masana biyu a Suwidin, Johansson da Rumar, suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sai a kafa allo a gefen hanya, can gaba 'yan sanda su tsayar da direba, a tambaye shi wane allo ya wuce na ƙarshe. A jimlace waɗanda suka iya faɗa ba su kai rabi ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bambancin da ke tsakanin allunan. Na iyakar gudu, 78 cikin 100 sun tuna shi. Na wurin tsallakawar masu tafiya a ƙasa kuwa, 17 kacal cikin 100. Direba ya riƙe wanda zai iya jawo masa tara, ya saki wanda ya shafi ran wani. Ta nan maganar Baba tana da ƙarfi, hankali yana zaɓar abin da zai ɗauka.

Amma Baba, Allah ya ƙara girma, akwai lissafin da ko wane ne a kan sitiyari bai isa ya tsallake shi ba. Mota mai gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar gudu a cikin gari, tana cin kusan mita 14 a kowane sakan. A gudun 80 mita 22 ne, a 100 kuma kusan 28. Masu zana hanyoyi a Amurka suna ware wa direba sakan biyu da rabi daga ganin abu zuwa taka birki. Ke nan a gudun 50 ka riga ka ci mita 35 ƙafarka ba ta kai ga birki ba, a gudun 100 kuwa mita 70.

Sai batun rubutu. Ƙa'idar da suke bi a can, kowane inci ɗaya na tsayin harafi ana karanta shi daga ƙafa 30, wato santimita biyu da rabi na ba da mita 9. Harafi mai santimita 10 ba zai karantu ba sai ka matso mita 36. Ka ɗauki wannan ka kai shi bakin gadar sama, mutum yana gudun 80, allon yana ɗauke da sunayen wurare huɗu da kibiyoyinsu. Kafin sakan biyu ya shige ƙarƙashinsa. Komai natsuwarsa ba zai gama karantawa ya zaɓi layi ba.

Sadau_Hotoro:
Wannan na ƙarshen kullum muna ganinsa a gadar Hotoro. Mu 'yan gida mun san wane hannu ne zai kai ka cikin gari, wane ne zai fitar da kai baifas. Baƙon da ya taso daga Wudil ko Bauchi kuwa sai ya zo bakin gada ya ja birki, wani har ya sa ribas a tsakiyar titi. A yi ta danna masa oda ana zaginsa, alhali neman hanya yake.

Ummi_Daliba:
Injiniya, ina da ja a kan gwajin Suwidin ɗin. Rashin tunawa ai ba rashin gani ba ne. Zan iya ganin allon kwana, in ɗaga ƙafa daga totur, in sha kwanar, bayan minti ɗaya in manta na taɓa ganinsa. Idan aka tare ni aka tambaye ni sai a rubuta ban gani ba, alhali allon ya yi aikinsa.

Injiniya_Sharada:
@Ummi_Daliba wannan ita ce babbar sukar da aka yi wa gwajin, kuma tana kan hanya. Shi ya sa ba a tsaya a kansa ba. A Finlan a 1974 an gwada ta ɗaya ɓangaren, aka ce wa direbobi su riƙa ambaton kowane allo da suka gani a doguwar tafiya. Kusan duka suka kama. Idon yana iyawa ke nan idan an ba shi aikin.

Daga baya a shekarun 1980 wasu masana a Ostireliya, Cole da Hughes, suka raba abin gida biyu. Akwai allon da kake gani saboda nemansa kake yi, misali baƙon da ke laluben hanyar kasuwar Dawanau. Akwai kuma wanda zai fizgi idonka ba ka neme shi ba. Suka sa wasu direbobi su riƙa faɗar duk abin da ya ja hankalinsu suna tafe, wasu kuma aka gaya musu abin da za su nema. Masu nema sun fi gani nesa ba kusa ba, kuma a titunan kasuwa masu tarkacen talla ganin ya fi faɗuwa. Allon gargaɗi dole ya kasance cikin masu fizgar ido, don ba wanda yake fitowa daga gida da niyyar neman allon kwana mai haɗari.

Yanzu akwai tabarau mai ƙananan kyamarori da ke bin ƙwayar ido, ya nuna inda ta sauka da tsawon lokacin da ta yi a wurin. Akwai kuma wanda ya fi dacewa da maganarki, a auna gudun motoci kafin allo da bayan an wuce shi. In gudun bai canja ba, ko an gani ko ba a gani ba, allon bai biya kuɗinsa ba.

Abba_Kwari:
In dai tarkacen talla ne ke kashe allo, to daga Kantin Kwari zuwa Singa a yi haƙuri kawai. Allon banki, na kamfanin waya, na mai atamfa, lemar masu shayi, ga kaya an jibge har bakin kwalta. Ƙaramin allon gwamnati a cikinsu wa zai kula shi?

Anti_Mai_Tabarau:
Bari in sa baki ta ɓangaren aikina, gwajin ido nake yi. Kowa ya miƙe hannunsa ya ɗaga babban yatsa. Faɗin farcen nan, kusan shi ne iyakar inda ido ke gani tar har ya karanta rubutu. Sauran duk gefen ido ne, shi kuma ba ya karatu, motsi yake kamawa da haske da bambancin launi. Saboda haka allo sai ya fara kiran gefen ido, sannan ƙwayar ta juya ta karanta shi. In launinsa ya saje da bangon da ke bayansa, kiran ba zai isa ba.

Abin da ke damuna shi ne hawan jinin ido, gefen ganin yake fara ci, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Mutum yana karanta saƙo a waya lafiya lau, ya ɗauka idonsa garau ne, alhali abin da ke gefen titi ya daina shigo masa. Mai yanar ido kuma da dare fitilar motar da ke tahowa sai ta watse masa, komai ya zama fari. Ga masu dundumi, waɗanda magariba na yi gani ya ragu. A Ingila kafin a fara jarrabawar tuƙi sai ka karanta lambar mota daga mita 20. Ina roƙon kowa a zauren nan ya gwada, ya rufe ido ɗaya ya karanta, ya sauya. Mita 20 wajen taku 25 ne na babban mutum. Wanda ya kasa don Allah ya je asibitin ido, kada ya saya tabarau a bakin titi.

Malam_Sitiyari:
Anti, Allah ya saka da alheri. Daga gobe ba wanda zan ɗora a sitiyari sai ya karanta min lamba.

Oga_Daf:
Ni da dare na fi tafiya, kuma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. Alluna biyu, da rana iri ɗaya sak. Da dare ɗaya tun daga nesa yake walƙiya, ɗayan sai na zo kansa, baƙi ƙirin. Na biyu kuma, in na shiga ƙaramar motar ƙanena sai in ga alluna sun fi haske a kan yadda nake ganinsu daga kan daf, babbar motar kaya da nake ja, alhali fitiluna sun fi nasa ƙarfi. Mene ne sirrin?

Mai_Allo_Fagge:
@Oga_Daf ta farkon tawa ce, don aikina ke nan, rubutun alluna da lambobi. Wancan mai baƙi fentin mai ne aka shafa wa faranti. Haske in ya doke shi warwatsewa yake yi ko'ina. Mai walƙiyar kuwa leda ce mai ƙyalli ake mannawa, wadda ke mayar da haske ta inda ya fito, kamar idon mage in ka haska ta da tocila. Wata ledar ƙananan ƙwayoyin gilashi ne a cikinta, ita ce mai sauƙin kuɗi. Wata kuma in ka matso za ka ga zane-zane masu kusurwa a jikinta, ta fi haske sosai, ta fi daɗewa, ta fi tsada.

Mai ba da aiki da rana yake zuwa karɓar kaya. Da rana kuwa fenti da leda duk kyau suke yi. In ka ce masa ga bambancin kuɗi sai ya ce yi min mai araha. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: da dare ka tsaya nesa da allo, ka ɗora tocila a gefen idonka, daidai kunne, ka haska shi. In leda ce mai rai za ta amsa maka nan take. Ka sauke tocilar zuwa gwiwa ka ga yadda hasken zai ragu. Ledar ma tana mutuwa, ranar Kano ba ta raga mata. Ja ne yake fara koɗewa, ya koma ruwan hoda, daga nan allon tsayawa ya zama faranti kawai.

Injiniya_Sharada:
Mai_Allo ya amsa ta biyun ma bai sani ba. Sauke tocila zuwa gwiwa, shi ne halin da kake ciki a kan daf, Oga. Ledar tana mayar da hasken ne wajen fitila. A ƙaramar mota idon direba yana kusa da fitilarsa, sai ya samu kaso mai yawa. Kai kuwa kana can sama, fitila tana ƙasa, tazarar ta yi yawa, abin da ke iso maka kaɗan ne. Shi ya sa hanyar da manyan motoci suka fi bi, irin baifas da Titin Zariya ta wajen Na'ibawa, ita ta fi buƙatar leda mai kyau. Akwai na'urar hannu da ake manna wa a jikin allo, ta harba haske ta auna nawa ya dawo, ta ba da lamba. Da ita ake sanin allon da ya isa sauyawa, ba sai an jira ya mutu ɗungurungum ba.

Nura_Singa:
Ni abin ya taɓa cin kuɗina. Na shiga wani layi kusa da kasuwa, ban yi nisa ba wasu jami'an hanya suka tare ni, wai na bi wanwe. Na ce ina alama? Aka kama hannuna aka kai ni. Wallahi allon yana nan, amma fosta uku ce a kansa, ta ɗan takara, ta mai maganin basir, da ta sanarwar wa'azi. Gefen da'irar kawai ya leƙo. Na biya, don doka ce, amma har yau abin yana min ciwo. In za a ci tarar mutum a kan allo, a fara tabbatar da allon yana ganuwa.

Mai_Kaki:
@Nura_Singa ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Ni aikin titi nake yi, kuma ba zan ce irin wannan ba ya faruwa ba. Amma ku ji namu ɓangaren. Wani yana kallon allon, yana kallonka, ya danno kai, in ka tare shi ya ce bai gani ba. Ta ina zan bambance shi da mai gaskiya? Sannan a kafa allo yau, kafin wata ya zagayo ɓata-gari sun kwance farantin sun kai wa masu sayen ƙarfe, sai sandar kawai. Ni da za a yi wannan awon da kuke magana da na fi kowa murna. In an rubuta cewa allon nan ana ganinsa daga mita 60 dare da rana, gardama ta ƙare tsakanina da direba.

Hajiya_Gandu:
Masu manna fosta a kan allon hanya ya kamata a riƙa cin tarar wanda hotonsa ke jiki. Ai ba a ɓoye yake ba, ga fuskarsa ga sunansa.

Malam_Tsangaya:
Duk kuna ta maganar gani, ba ku taɓo fahimta ba. Direbobi nawa ne a tashar Unguwa Uku ko ta Kofar Ruwa suke karanta Turanci da sauri? Da yawansu makarantar allo suka yi, ajami a wajensu ruwa ne. Ga shi a jikin takardar naira, ga shi a allunan talla. Me zai hana allon kwatance ya zo da Hausa, ko da boko ne?

Sadau_Hotoro:
Malam, sunan wuri ai sunan wuri ne, Wudil dai Wudil ce. In aka ƙara layi biyu na rubutu a allo ɗaya, ka tuna lissafin Injiniya, sakan biyun ba za su ƙaru ba.

Ummi_Daliba:
Ku duka biyun kuna da hujja. Dalilin yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a birnin Biyana a 1968 a kan alamomin hanya ke nan, a dogara da siffa da launi da hoto domin kada harshe ya zama shinge. Allon tsayawa kusurwa takwas gare shi, na ba da hanya kuma kusurwa uku ne a kife, ko ta baya ka hango su ka san su. Amma maganar Malam_Tsangaya ma abin aunawa ce. A ɗauki hotunan alamomi 20 a shiga tasha, a nuna wa direbobi ɗaya bayan ɗaya ba tare da zaɓin amsa ba, a ce me wannan yake ce maka ka yi. Wanda mafi yawa suka kasa, ko suka ba shi kishiyar ma'anarsa, to ko da ana ganinsa daga mita 100 aikin banza ne.

Anti_Mai_Tabarau:
Ƙari a kan batun siffa, akwai masu wahalar bambance ja da kore, kuma maza ne suka fi yawa a cikinsu. Da yawa ba su ma san suna da shi ba. Su da matsayin wutar danja suke aiki, ja a sama, kore a ƙasa.

Baba_Tsohon_Direba:
Ina yaron mota aka koma tuƙin hannun dama, watan Afrilun 1972. An yi ta shela a rediyo tun kafin ranar, kowa ya sani. Makon farko kowa a hankali yake tafiya, ido a buɗe, ana duba kowace alama. Sai da aka saki jiki ne maigidana ya riƙa cewa in tuna masa a shataletale, don hannu yana so ya koma inda ya saba. Abin da nake gaya muku ke nan, sabo turken wawa. Hanyar da mutum yake bi kullum ba ya kallonta. Ku kafa allo kamar ƙofar gari, ɗan unguwa ba zai gani ba.

Injiniya_Sharada:
Baba, wannan kam an gwada shi. A Holan an sa mutane su yi ta maimaita hanya ɗaya a na'urar koyon tuƙi har suka saba, sannan aka sauya alamar wata mahaɗa ba a gaya musu ba. Da yawa suka wuce a kan tsohon sabo. Amma ni abin da na ɗauka a ciki, in an canja doka a titi, misali an mayar da shi wanwe, ƙaramin allo ɗaya ba ya isa. Sai an canja abin da taya da ido za su ji, fenti a kwalta, kibiya babba, shinge na ɗan lokaci, har sabon sabo ya zauna.

Shugaban_Zaure:
Jama'a mun fara nisa. Tambayar Malam_Sitiyari ita ce yadda za a auna. Tabarau mai kyamara da na'urar haske ba mu da su. Me mutum zai iya yi da abin da ke hannunsa?

Injiniya_Sharada:
Mutum biyu, mota ɗaya, da agogon waya. Direba ya riƙe gudu ɗaya, a ce 50. Wayar tana hannun na gefe, ba direba ba. Da direba ya hango allo sai ya ce na gani, a danna agogo. Da ya iya faɗar abin da ke jiki sai ya faɗa, a danna na biyu. Ana zuwa daidai sandar a tsayar. Sakan 4 a gudun 50 mita 56 ke nan. Lamba biyu za ku samu, nisan hangowa da nisan karantawa. A yi da rana, a yi da magariba, a yi da dare. Kuma kowane direba sau ɗaya, don in ya san inda allon yake ya koma cikin masu nema. A rubuta shekarunsa da irin motarsa. A auna tsayin allon ma. A Amurka cikin gari ƙasan allo ba ya gaza ƙafa 7 daga ƙasa, wajen mita 2.1, saboda motocin da ke fakin da masu wucewa kada su tare shi.

Garba_Rijiyar_Zaki:
A sa lokacin hunturu a lissafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu in hazo ya sauka har jirage ake hana tashi a filin jirgin Malam Aminu Kano, ballantana allo. Ƙurar kuma kwanciya take yi a kan ledar, ba mai wankewa sai ruwan farko. Sannan duk wanda yake komawa gida ta Kabuga zuwa Titin Gwarzo bayan la'asar ya san rana a ido take zama. Allon da ke gabanka inuwa kawai kake gani, ba launi ba rubutu. Masu fita ta Titin Maiduguri da sassafe su ma haka.

Abba_Kwari:
To in kun gama aunawa wa za ku kai wa?

Mai_Kaki:
Ya danganta da titin. Manyan hanyoyin da suka fita gari, irin na Zariya, Katsina da Maiduguri, na tarayya ne. Na cikin gari yawanci na jiha ne, ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka. Ga hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa da aka kafa tun 1988, ga Karota, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, tun 2012. Takarda mai hoto da lambobi ta fi saurin samun mai karantawa a kan ƙorafin baki. Ka ce allo kaza a wuri kaza ana karanta shi daga mita 15 da dare, alhali ana buƙatar 35 ko fiye.

Malam_Sitiyari:
Ni ina da mota da ɗalibai da ba su san allunan ba, sun dace da sharaɗin sau ɗaya. Sai dai su sababbin hannu ne, idonsu a kan bonet yake. Ina buƙatar tsofaffin direbobi su shigo, in ba haka ba sakamakon zai karkata. Baba, ko za ka taimaka mana da zagaye ɗaya?

Baba_Tsohon_Direba:
Zan zo, amma da rana. Kuma ina nan a kan bakana, direba ne farko.

Dan_Sahu_Kurna:
In za ku yi ku sa adaidaita a ciki, mu ne muka fi yawa a titi. Rufin sahu yana yanke sama, allon da aka rataya a kan gada ko dogon ƙarfe sai na sunkuyo nake ganinsa. Ga gilashin wasunmu duk sitika, ɗan fili kaɗan aka bari. Fitilarmu kuma, in batir ya yi sanyi, ko ledar Mai_Allo ba za ta amsa ba.

Ummi_Daliba:
Zan tsara takardar da za a riƙa cikewa. Amma Injiniya, lissafin agogon yana buƙatar gudu ɗaya daga farko har ƙarshe. A Titin BUK da dare zai yiwu. Daga Bata zuwa 'Yankura fa, inda ake tafiya taku biyu a tsaya? Kuma can ne tarkacen talla ya fi yawa. Mu ƙirga sandunan fitilar titi ne mu dawo mu auna tazararsu da ƙafa, ko bidiyo za mu ɗauka daga cikin mota?